Injin buga tsoka a kan jikka 300: abin da zai iya yi wa Diffa da abin da ba zai iya ba

Na'urar da a da sai manyan jami'o'in Turai da Amurka ke iya saye, yau ɗalibi mai haƙuri na iya haɗa ta da hannunsa. Amma a kwarin Komadugu, inda zafin ɗaki a watan Afrilu ya fi zafin jikin mutum, haɗa injin shi ne aiki mafi sauƙi a cikin lamarin.

A shekarar 2018 wasu masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh a Amurka, ƙarƙashin jagorancin farfesa Adam Feinberg, suka saki wani zane kyauta ga duk mai so. Zanen yana nuna yadda ake mayar da ƙaramar na'urar 3D ta kasuwa ta zama injin buga tsoka, wato injin da ke jera ƙwayoyin halitta masu rai a cikin wani ruwa mai kauri har su ɗauki siffar da aka zana a kwamfuta. Kuɗin kayan bai kai dalar Amurka 500 ba, kimanin jikka 300 na sefa ke nan. A wancan lokacin, irin wannan injin idan kamfani ne ya ƙera shi, yakan fara daga kimanin dalar Amurka 10,000, manyan kuwa suna kai 200,000, fiye da miliyan 100 na sefa. A 2023 wasu malaman jami'ar Cardiff a Birtaniya suka haɗa nasu da tubalan wasan yara na Lego, a kan fam 500.

Kuɗin da bai kai na sabon babur ba ya isa ya sa a yi tambaya: me zai hana Diffa, mai jami'arta tun 2014, ta haɗa nata?

Tambayar ta fi nauyi yau fiye da shekaru biyar da suka wuce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa ƙasar a farkon watan Agusta, manyan motoci ɗauke da magunguna suka maƙale a bakin iyaka har zuwa ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A Fabrairun 2025 kuma hukumomin Yamai suka umurci ƙungiyar agaji ta CICR ta bar ƙasar, ƙungiyar da ta yi shekaru tana tallafa wa aikin tiyatar waɗanda yaƙi ya raunata a babban asibitin jihar Diffa. Maganar dogaro da kai ta fita daga jawabin shugabanni ta shiga ɗakin likita. A can Amurka ma lamarin ya motsa: a Afrilun 2025 hukumar FDA mai kula da magunguna ta sanar da shirin rage gwajin wasu magunguna a jikin dabbobi, a maye gurbinsa da wasu hanyoyi, ciki har da ƙananan tsokokin da ake renon su a ɗakin bincike. Kasuwar irin waɗannan injuna za ta ƙara buɗewa, tallarsu kuma za ta ƙara yawa a wayoyin jama'a.

Yadda injin yake aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon magini yana ɗaga rumbu ya riga ya fahimci na'urar 3D. Magini yana ɗora zagayen laka, ya bari ya ɗan kama, ya ɗora wani a kai, har rumbu ya tashi. Na'urar ma haka take yi, sai dai ita da narkakkiyar roba take gini, tana fitar da ita ta wani siririn baki, ƙananan motoci uku kuma suna jan bakin dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa, bisa umurnin kwamfuta.

Mai son ya mayar da ita injin buga tsoka sai ya cire kan da ke narka roba, ya ɗaura sirinji irin na likita a wurin. Wani ƙaramin mota mai juyawa taki-taki yana murza dogon sukuru, sukurun yana danna sirinjin a hankali, abin da ke ciki yana fitowa ta allura mai faɗin da bai kai rabin milimita ba. Ƙwaƙwalwar injin wani ɗan allon lantarki ne irin na Arduino, wanda bai fi tafin hannu ba. Babu wani abu a nan da ya fi ƙarfin mai gyaran waya ko mai gyaran rediyo na kasuwar Diffa, in an ba shi zane da kayan.

Abin da ake zubawa a sirinjin shi ake kira tawadar rai. Ruwa ne mai kauri kamar talge, wanda aka gauraya da ƙwayoyin halitta, miliyoyi a cikin kowace mililita. Kayan da aka fi yin sa da su uku ne. Akwai aljinat, wanda ake tatsowa daga ciyawar teku, yana daskarewa nan take idan ya haɗu da ruwan gishirin kalsiyom. Akwai kolajin, sinadarin da ke riƙe fata da jijiya. Sai jelatin, wanda kowace uwar gida ta san shi ko da ba ta san sunan ba: shi ne ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana a lokacin hunturu, ya kuma narke da an ɗora shi a wuta.

Matsalar talge ita ce ba ya tsayawa da kansa. Dabarar da ɗakin binciken Feinberg ya fito da ita a 2015, mai suna FRESH, ta magance wannan: ana buga siffar ne a cikin kwano cike da niƙaƙƙen jelatin mai sanyi, shi ke tallafe ta har a gama. Daga nan a ɗumama kwanon zuwa digiri 37, jelatin ya narke, siffar ta fito. Wannan adadi na 37 zai sake dawowa idan an zo maganar Diffa.

Daga bolar Lome zuwa ɗakin bincike

Wannan fasaha tun asalinta da kayan kwance aka fara ta. A farkon shekarun 2000 Thomas Boland na jami'ar Clemson a Amurka ya wanke kwalbar tawadar na'urar buga takardu ta ofis, ya zuba ƙwayoyin halitta a ciki, ya ga yawancinsu sun fito da ransu. A 2005 Adrian Bowyer na jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, na'urar 3D da kowa zai iya kwaikwaya ba tare da biyan kowa ba. Da wa'adin haƙƙin mallakar fasahar narka roba ya ƙare a 2009, farashi ya faɗo warwas. A 2013 wasu masu sha'awar kimiyya na ƙungiyar BioCurious a jihar Kaliforniya suka haɗa injin buga ƙwayoyin halitta da motocin tsofaffin na'urorin faifan CD, a kan dalar Amurka 150, suka buga rubutu da bakteriya masu rai.

A wannan shekarar ce kuma Kodjo Afate Gnikou, wani ɗan ƙasar Togo da ya karanci ilmin ƙasa, ya haɗa na'urar 3D da tarkacen kwamfutoci da na'urorin buga takardu da ya tsinto a bolar Lome. Ya yi aikin a WoeLab, ɗakin ƙere-ƙeren da Sénamé Koffi Agbodjinou ya buɗe a 2012, ya sa wa na'urar suna W.Afate, kuɗin da ya kashe wajen sabbin kaya kuwa bai wuce dalar Amurka 100 ba. Ita roba take bugawa, ba tsoka ba, amma ƙashin bayan injin ɗaya ne. Tun shekaru fiye da goma, ashe, Afirka ta Yamma ta nuna hannunta ya kai.

Ƙoda ba ta fitowa daga sirinji

Nan ne ya kamata a tsaya a yi magana dalla-dalla, domin akwai marasa lafiya da iyalansu da wannan labari zai iya ruɗa.

A Afrilun 2019 jaridun duniya sun cika da hoton wata ƴar zuciya da ayarin Tal Dvir na jami'ar Tel Aviv ya buga da ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Girmanta bai wuce na zuciyar zomo ba, kuma ba ta iya harba jini. A 2022 kamfanin 3DBio Therapeutics na Amurka ya sanar cewa an dasa wa wata budurwa mai shekara 20 kunnen da aka buga da ƙwayoyin guringuntsin jikinta. Wannan nasara ce ta gaske, amma kunne guringuntsi ne, guringuntsi kuwa yana rayuwa ba tare da hanyoyin jini a cikinsa ba. Har yau babu mutum ɗaya a duniya da ke yawo da bugaggiyar ƙoda, ko hanta, ko zuciya.

Dalilin yana cikin wani ɗan ƙaramin awo. Ƙwayar halitta tana shan iskar oksijin da abinci daga jini, kuma ba ta iya rayuwa idan ta yi nisan da ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita daga hanyar jini mafi kusa. Duk tsokar da ta fi haka kauri, tsakiyarta mutuwa take yi, kamar gonar da ruwan kogi ke jiƙa bakinta kawai saboda ba a haƙa mata magudanai ba. Ƙodar mutum ɗaya tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da nata dunƙulen jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Allurar sirinji ba ta san hanyar da za ta bi ta saƙa wannan ba, ko a injin jikka 300 ko a na miliyan 100.

Maganar ƙoda ba baƙuwa ba ce a wannan kwari. Kogin Komadugu Yobe, kafin ya iso Diffa ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, yana ratsa Gashuwa da Gaidam a jihar Yobe. Gashuwa ta yi shekaru tana fama da yawan ciwon ƙoda da ya wuce misali, har yanzu kuma masu bincike suna neman musabbabinsa, suna duba ruwan sha, abinci, magungunan feshi da zafin rana. Mai ciwon ƙoda a Diffa kuwa, idan ya kai matakin wankin jini, tafiya ce a gabansa zuwa Damagaram, ko Yamai mai nisan kilomita fiye da 1,300, ko tsallaken iyaka. Iyalin da suka sayar da gona da shanu a kan wannan hanya su ne farkon waɗanda ɗan damfara zai nufa da hoton injin a waya da alkawarin sabuwar ƙoda a wata ƙasa. Duk wanda ya zo da irin wannan alkawari a yau, kuɗi yake nema.

Abin da waɗannan injuna suke yi da gaske ƙarami ne a ido: ɗan fallen fata, ɗan guntun hanta ko dunƙulen ƙwayoyin ciwon daji mai girman ƙwayar gero, waɗanda ake ɗiga wa magani a ga ko zai yi aiki ko zai yi guba. A Faransa kamfanin Poietis na kusa da Bordeaux ya yi nisa wajen buga fata tare da asibitocin Marseille. Ko a nan ma, ga ƙasa irin Nijar da ta ga mutane fiye da 50 sun ƙone a fashewar tankar mai kusa da filin jirgin Yamai a Mayun 2019, akwai hanyar da ta fi kusa. Likitocin birnin Fortaleza a Brazil sun yi shekaru suna rufe ƙuna da fatar karfasa da aka tsabtace aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Karfasa kuwa ba sai an yi odar ta daga waje ba a bakin tafkin Cadi.

Digiri 37 da wutar NIGELEC

A ɗauka an haɗa injin a jami'ar Diffa, ya yi aiki, an ɗauki hoto da gwamna. Washegari ne ainihin kashe kuɗi ke farawa.

Ƙwayar halittar mutum a wajen jiki ta fi jinjiri rauni. Tana bukatar akwatin reno mai tsayayyen zafin digiri 37, kusan irin na injin ƙyanƙyasar ƙwai da masu kiwon kaji suka sani, sai dai wannan har da iskar kabon kashi 5 cikin 100 da ake shigarwa daga tukunyar gas. Ana canza mata ruwan abinci duk bayan kwana biyu ko uku. Ruwan abincin yana ɗauke da wani ruwan jinin ɗan tayin saniya da ake shigowa da shi daga waje, rabin lita a kan ɗaruruwan dalar Amurka, kuma dole ya iso a daskare ya zauna a daskare, a digiri 20 ƙasa da sifiri. Kwalba ɗaya ta wannan ruwa na iya kai kuɗin injin gaba ɗaya. Irin ƙwayoyin da ake ajiyewa don gaba kuwa a ruwan nitrojin suke kwana, digiri 196 ƙasa da sifiri, ruwan da ke ƙafewa kullum ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Duk wannan kaya ta hanyar RN1 zai biyo, da shingayen bincikenta da ramukanta.

Sai zafi. Yawancin akwatunan reno ɗumamawa kawai suka iya, domin an ƙera su ne don ƙasashen da ɗaki ya fi jiki sanyi. A Diffa, Afrilu da Mayu, ma'auni yana haura 40 da rana. Akwatin da aka ce ya tsaya a 37 a cikin ɗaki mai 42 babu abin da zai iya yi, ƙwayoyin kuwa daga 42 zuwa sama mutuwa suke fara yi. Kwanon jelatin na dabarar FRESH, wanda ake so ya narke a ƙarshen aiki, zai narke tun ba a ɗaura sirinji ba. Ma'ana, na'urar sanyaya ɗaki ba ta da izinin tsayawa ko da na ƴan awoyi, dare da rana, tsawon makonnin da gwaji ke ɗauka. Mazauna Diffa sun san yadda wuta take a garinsu. Layin da ke kawo ta daga Najeriya ta Damasak ya sha wahalar rikicin Boko Haram, garin ya jingina da injunan NIGELEC masu shan mai, ɗaukewar wuta kuma takan tsananta daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Ɗaukewa ɗaya da tsakar rana ta isa ta kashe aikin wata biyu.

Ƙura ma tana da nata rabo. Ruwan abincin ƙwayoyin halitta daɗi yake wa kowace bakteriya da fumfuna, ƙwayar ƙura ɗaya ta hunturu ta faɗa ciki, kafin kwana biyu kwalbar ta gurɓace. Shi ya sa ake aiki a cikin akwati mai tace iska, shi ma na miliyoyin sefa, shi ma mai cin wuta.

Akwai kuma abin da takardun Turawa ba su cika ambata ba. Jelatin da aka fi amfani da shi a ɗakunan bincike daga fatar alade ake yin sa. Ga gwajin da zai ƙare a kwalba, malamai za su iya duba hukuncinsa. Ga abin da za a ɗora a jikin mutum kuwa, al'ummar Musulmi za ta yi tambaya, kuma tana da haƙƙin a ba ta amsa tun farko. Ana samun jelatin na fatar shanu da na fatar kifi, na kifin ruwan ɗumi irin karfasa ma ya fi na kifin ƙasashen sanyi jure zafi.

Abin da Damaturu ta fara da shi

Misalin da ya fi kusa da Diffa yana hayin kogi. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar kuma masanin ƙwaƙwalwa a jami'ar Sussex ta Ingila. Damaturu ta sha harin Boko Haram kamar Diffa, zafinta kuma bai bambanta sosai ba. Cibiyar ta tara manyan madubban hangen ƙananan halittu, tana horar da matasa daga ƙasashen Afirka da dama, tana aiki a kan renon ƙwayoyin halitta na asali daga jikin ƴan Najeriya, tana kuma cikin masu binciken ciwon ƙodar Yobe. Ta samu goyon bayan gwamnatin jihar da na ƙungiyar TReND in Africa, wadda ta daɗe tana koya wa jami'o'in nahiyar buga kayan ɗakin bincike da na'urar 3D.

Abin lura shi ne tsarin da aka bi. An fara da mutane, da wuta, da sanyi, da koyon riƙe ƙwayar halitta da rai. Wurin da ya mallaki waɗannan, ranar da ya bukaci injin buga tsoka zai haɗa shi cikin mako biyu. Wurin da ya fara da injin zai rufe shi da ƙyalle.

A da, ɗalibin Diffa zai iya tsallakawa ya koyo ba tare da wani dogon tunani ba; yare ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kasuwar tattasai ma ta can take bi. Amma duk da an sake buɗe iyaka a Maris 2024, dangantakar Yamai da Abuja ta yi tsami, Nijar kuma ta kammala ficewa daga CEDEAO a 29 ga Janairun 2025. Ciwon ƙodar da ke bin kwarin bai san da wannan ba. Yarjejeniyar horarwa tsakanin jami'o'in biyu za ta fi kowane injin amfani, kuma hukunci ne na siyasa da ba ya cin kuɗi sosai.

Halittun da zafi bai dame su ba

Duk da haka kuskure ne a ce Diffa ba ta da abin yi da wannan injin. Kalmar ƙwayar halitta mai rai ba ta tsaya ga ta mutum ba. Bakteriya da fumfunan da ke zaune a ƙasar noma su ma masu rai ne, ba sa neman gas, ba sa neman ruwan jinin saniya, da yawansu kuma zafin digiri 30 zuwa sama shi ne gidansu. Jami'ar Diffa kuwa tun kafuwarta harkar noma da muhalli ce ƙarfinta.

Tattasai shi ne jan zinariyar jihar. Kafin rikici kwarin Komadugu yana fitar da kimanin tan 10,000 a shekara, mafi yawan abin da ƙasar ke nomawa. Bayan hare-haren 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka tsaurara sayen taki da man injin ban-ruwa don gudun kada su faɗa hannun mayaƙa. An ɗage haramcin tattasai a ƙarshen 2017, sai ga ambaliyar kogin a 2019 da 2022 ta cinye gonaki. Ban da waɗannan, manomi na fama da abokan gaba da ba ya gani: ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwa ta yi ƙululu, da cututtukan da ke ruɓar da ita. Taki ya yi tsada, maganin feshi kuma yawancinsa ba a san asalinsa ba.

Akwai halittun ƙasa da ke taya shuka wannan yaƙi. Fumfunar Trichoderma tana danne wasu cututtukan saiwa. Bakteriyar Rhizobium tana zama a saiwar wake, gyaɗa da itacen dakwara mai ba da ƙaro, tana jawo sinadarin nitrojin daga iska ta mayar da shi taki. Wahalar ita ce kai su gona da ransu. Tun ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 Yvon Dommergues da Hoang Gia Diem, masu bincike na cibiyar ORSTOM a Dakar, wadda ake kira IRD a yau, suka nuna za a iya kulle Rhizobium a cikin daskararren ruwa mai kauri, ciki har da aljinat, a ajiye, a kai gona. Ana ɗiga haɗin aljinat da halittun a ruwan kalsiyom, kowane ɗigo ya zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar dawa, a shanya, a zuba a rami tare da iri ko dashe.

Tawadar ɗaya ce da ta injin buga tsoka, sirinjin ma ɗaya ne. Gaskiya ne ana iya ɗigawa da hannu. Abin da injin ke ƙarawa shi ne daidaito: kowane dunƙule girmansa ɗaya, yawan halittun cikinsa ɗaya, ana iya yi masa ɓawo biyu, ana iya lulluɓe ƙwayar iri da shi. Sai da irin wannan daidaito ɗalibi zai iya gwada fili da fili a Chetimari ko Gueskerou ya fito da sakamakon da za a yarda da shi. Ba a ce lallai zai yi nasara ba. Irin waɗannan halittu sukan yi abin mamaki a tukunyar gwaji su ba da kunya a gona, musamman idan baƙi ne aka kawo daga wata ƙasa. Shi ya sa aikin ya dace da jami'ar da ke zaune a bakin kogin, wadda za ta tono nata halittun daga ƙasar kwarin, tare da cibiyar binciken noma ta INRAN da majalisar manoma ta jihar. Idan gwaji ya lalace, asarar buhun aljinat ce da damina ɗaya. Ɗaliban da suka yi shi kuwa sun koyi tsabtar ɗakin bincike, sarrafa mota da kwamfuta da auna abu daidai, waɗanda su ne ake bukata ranar da za a taɓa ƙwayar halittar mutum.

Nijar ta riga ta ɗanɗana na'urar 3D a fannin lafiya, kuma akwai darasi a ciki. Daga ƙarshen 2017 ƙungiyar Handicap International ta gudanar da wani gwaji a Togo, Mali da Nijar, na buga takalman roba masu tallafe ƙafar masu nakasa. Ana auna ƙafar da na'urar ɗaukar siffa, a aika zanen ta intanet, a buga a Lome, a dawo da shi. Marasa lafiya sun amfana, amma injin da masu gyaransa suna bakin teku. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya daga Lome kuma suka koma zagayowa ta Burkina Faso da rakiyar sojoji, kowa ya ga abin da wannan nisa yake nufi. Injin da aka haɗa a gida, ko da bai kai na kamfani kyau ba, wanda ya haɗa shi ya san inda zai taɓa idan ya tsaya.

Saura ƙa'ida. Duk binciken da ya shafi jinin mutum ko naman jikinsa sai ya bi ta kwamitin ɗa'a na ƙasa kan binciken lafiya, a kuma nemi yardar mai jikin da harshen da yake ji, Hausa ne, Barbarci ne ko Fulatanci. Arhar injin tana nufin zai iya shiga hannun wanda bai taɓa jin sunan kwamitin ba. A jihar da ke da dubban ɗaruruwan ƴan gudun hijira, mutanen da ba su da ƙarfin cewa a'a ga mai farar riga, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ko halittun gona ma bai kamata su fita daga ɗakin bincike zuwa kasuwa ba sai hukumar kare tsirrai ta duba su, in ba haka ba gobe za a ga dunƙulen aljinat na bogi a leda ana tallarsa kusa da buhunan tattasai.

Idan har hukumomin jami'ar Diffa ko na jihar suka sa wannan aiki a kasafi, layin injin shi ne zai fi kowane ƙanƙanta. Sama da shi za a rubuta allunan hasken rana da baturan da za su riƙe ɗaki ɗaya da sanyi, tukunyar dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, madubin hangen ƙananan halittu, da albashin ma'aikacin da zai zo ranar Juma'a da ranar Sallah ya duba ko abin da ke cikin kwalba yana da rai.